Musun da ya ɓarke wurin mai shayi: waye sarkin dambe?

Daren jiya sanyin Jos ya matsa, irin wanda ko rigar sanyi biyu ka sa sai ka ji shi cikin ƙashi, na leƙa wurin mai shayinmu na Bauchi Road na tarar ana ta hayaniya. Ƙanin abokina ne, yaron da bai wuce ashirin da biyu ba, yake dukan teburi yana cewa duk tarihin damben Turawa ba a yi kamar Mayweather ba, wai karawa hamsin ya yi ba wanda ya taɓa cin sa, to me kuma za a faɗa? Wani direba ya ce a'a Tyson ne. Baba tela na gefe yana ta juya shayinsa da cokali bai ce uffan ba.

Ni dai na ce masa ƙanina, Mayweather gwani ne, wannan ba musu, wajen kauce wa naushi da wuya ka ga irinsa. Amma wallahi ban manta 2015 ba, ranar da ya kara da Pacquiao, muka hana idonmu barci a gidan kallo har aka kira asuba, mun biya kuɗi, janareta na ta ƙugi, ƙarshe abin da muka kalla mutum ne yana ja da baya yana tara maki. Kuma nasararsa ta hamsin ɗin da ake ta kuri da ita, a kan McGregor ya same ta a 2017, mutumin da bai taɓa yin damben boksin na ƙwararru ba sai ranar. Ni ba na auna ɗan dambe da takarda mai tsafta. Ina so in ga ranar da ya sha ƙasa, sannan in ga me ya yi bayan nan.

Shi ya sa duk inda aka je aka dawo Muhammad Ali nake kamawa. Sau biyar aka ci shi a karawa 61, kuma duk da haka. Ka duba fa, 1964 ya doke Sonny Liston yana ɗan shekara 22, ya fito ya ce shi Musulmi ne, ya ajiye sunan Cassius Clay, a shekarar ma ya zo Najeriya. 1967 aka ce ya shiga soja ana yaƙin Biyetnam ya ce ba zai je ba, aka ƙwace kambunsa aka hana shi dambe sama da shekara uku, lokacin da jininsa ke tafasa, shekarun da ɗan dambe ke cin kasuwarsa. Da ya dawo Joe Frazier ya doke shi a 1971, har ya kai shi ƙasa a turmi na 15. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Kowa ya ce ai shi kenan, Ali ya ƙare.

Sai karawarsa da George Foreman a Kinshasa, babban birnin Zayar (Kongo ta yanzu), 30 ga Oktoba 1974. George Foreman lokacin dodo ne, shekararsa 25, karawa arba'in ba a taɓa cin sa ba, Frazier ɗin da ya doke Ali, Foreman ya kai shi ƙasa har sau shida cikin turmi biyu kacal, Norton ma bai wuce turmi na biyu ba a hannunsa. Ali kuma ya kai 32, ƙafar da yake rawa da ita da ta yi nauyi. Wajen ƙarfe huɗu na asuba aka fara saboda masu kallo a Amurka. Me Ali ya yi? Ya je ya jingina da igiya ya rufe fuska da hannuwa, ya bar Foreman yana ta jibgar haƙarƙarinsa, yana kuma raɗa masa baƙar magana a kunne don ya ƙara harzuƙa, mutanen ɓangarensa na ihu ya bar jikin igiya ya ƙi. Turmi bakwai Foreman na zubar da ƙarfi kamar mai sussukar gero, a na takwas hannunsa ya mutu, Ali ya fito ya jera masa, sai ga ƙato yana juyi ya zube. Abin da mutanen Zayar ke rerawa ranar da yarensu, ma'anarsa Ali kashe shi, kuma duk wanda ya san dambenmu na gargajiya ya san wannan kalmar, ai mu ma in an kai mutum ƙasa cewa muke an yi kisa.

Direban nan ya ce to Tyson fa? Tyson tsoro ne a tsaye, na yarda. Ya ɗau kambun duniya a 1986 yana ɗan shekara 20, Michael Spinks daƙiƙa 91 ya yi a gabansa. Amma ranar da ya gamu da wanda bai ji tsoronsa ba, Buster Douglas a Tokyo 1990, sai ga shi a ƙasa yana laluben robar bakinsa. Da Holyfield ya matsa masa a 1997 kuma kunne ya ciza. To ka ga.

Masana dai da yawa Sugar Ray Robinson suke sa wa a gaba, kuma ba zan ja da su ba, mutumin da ya yi karawa kusan ɗari biyu, ya jera 91 ba a ci shi ba, shi kansa Ali a sama yake ajiye shi. Sai dai ni hotunansa baƙi da fari kawai na gani a YouTube, ba zan zo ina cika baki ba. Haka Joe Louis da ya riƙe kambu daga 1937 har 1949.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne namu da muka manta. Na tambayi yaran da ke teburin waye Dick Tiger, ba wanda ya sani, ɗaya ma ya ce ɗan kokawa ne. Ɗan Amaigbo ne a ƙasar Ibo, ya je Ingila ya fara da shan kaye a jere, bai tattara ya dawo gida ba, 1962 ya doke Gene Fullmer ya zama zakaran duniya a matsakaicin nauyi, 1963 suka sake haɗuwa a filin wasa na Liberty a Ibadan, nan ƙasar, ya sake doke shi. 1966 ya hau aji na gaba ya karɓe kambu hannun Jose Torres. Yaƙin basasa ya cinye dukiyarsa, ƙarshe gadi ya koma yi a wani gidan tarihi a New York, ciwon hanta ya kashe shi a 1971 yana da shekara 42. Kafin shi akwai Hogan Bassey ɗan Kalaba, da ya ci kambun duniya a Faris a 1957, tun ba mu samu 'yancin kai ba. Yaranmu Anthony Joshua kaɗai suka sani. Shi ma ba na raina shi, don ranar da Klitschko ya kai shi ƙasa a Wembley 2017 ya tashi ya gama da shi a turmi na 11, kuma bayan kunyar da Andy Ruiz ya ba shi a 2019 ya koma ya karɓo kayansa a Saudiyya cikin wata shida. Usyk ne dai ya fi ƙarfinsa, sau biyu, ba wani kwana-kwana.

In na je Abuja nakan leƙa gidan damben Dei-Dei ranar Lahadi, kuma abin da na lura shi ne ba wanda ke tambayar sau nawa aka kashe wane. Kalangu na tashi, yaro ya ɗaure zare ya fito yana kirari, an buge shi makon jiya kowa ya gani, amma yau babba ya nuna ya ce da shi zai sa, sai ka ga 'yan kallo sun miƙe ana masa liƙi tun ba a kai hannu ba.

Nan ne Baba tela ya ajiye kofi. Ya ce ɗana, lokacin damben Kinshasa ina yaron shago a Terminus, maigidana ya rantse Foreman zai kashe Ali kisa na gaske, har ya ce a yi masa addu'a. Da safe labari ya zo a rediyo, maigidan ya fito titi da tef ɗin awo a wuya yana tsalle, ranar ko wando ɗaya ba mu ɗinka ba.

Yaron ya ce Baba ai zamaninku ne kawai kuke yabo. Na ce kawo wayarka. Na nemo masa turmi na takwas, muka duƙa mu biyar a kan waya ɗaya, mai shayi ma ya bar ƙwai a wuta ya leƙo. Ya kalla, ya mayar baya, ya sake kalla. Sai ya ce to amma dai Mayweather ba zai tsaya a dake shi haka ba, kuma a tuna masa datarsa ce ake ƙonawa.