An yi difens lafiya, godiya ga waɗanda suka zauna da ni kan silaid ɗina

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, Allah ya nufa na kare aikina na digiri na biyu a fannin lissafi, an shiga lafiya an fito lafiya, gyaran da aka ba ni ma ba mai yawa bane. Na ga saƙonninku da kiranku, wasu har yanzu ban samu na amsa ba, ku yi min afuwa, Allah ya bar zumunci. Amma akwai wasu bayin Allah da nake so in ware in gode musu a bainar jama'a, saboda taimakon da suka yi min irin wanda ba ya fitowa a hoton ranar difens ne, kuma ba domin su ba da ban san yadda zan tsaya gaban malamai in yi bayani a fahimce ni ba.

Aikina a kan yadda zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa ne tsakanin mutane da sauro, wato ka raba jama'a rukuni-rukuni, masu lafiya da waɗanda cutar ta shiga jikinsu bata bayyana ba da masu ɗauke da ita da waɗanda suka warke, haka ma sauron, kowane rukuni da layin lissafinsa. A cikin layukan nan wasu gaɓoɓin na sabon kamu ne, su ake tarawa a kira su F, wasu kuma na warkewa ne da mutuwa da tashi daga wannan rukuni zuwa wancan, su ne V. Daga waɗannan biyun ake fitar da R0, lambar da in ta gaza 1 cutar za ta iya mutuwa da kanta, in ta haura 1 kuma ta ci gaba da bazuwa. To duk wanda bai gane wane ne F wane ne V a kan allo ba, ya ɓata tun daga silaid na biyar kenan, ba zai ƙara kamo zaren ba.

Godiyata ta farko ga Malam, wanda ya duba aikin nan tun daga tushe. Shi ne yace min, ke kin san lissafin nan don kin kwana kin tashi da shi, amma wanda zai zauna a bayan ɗaki minti ashirin kawai gare shi, kar ki bar shi yana lalube, ki raba masa da launi. Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya raya zuri'a. Maganar nan taka ita ta gyara difens ɗin gaba ɗaya.

Sai dai fa sa launin ne ya zama aiki. Mu 'yan lissafi da manhajar tsara rubutu ta LaTeX muke rubutu, silaid kuma da Beamer, wani tsari na yin silaid a cikin LaTeX ɗin, kuma duk wanda ya taɓa amfani da su ya san in abu ya ƙi to ya ƙi kenan, PDF ba zai fito ba sai jan rubutu a ƙasan sikirin. Matsala ta farko tun kafin a je ko ina, ina son ƙarin sunayen launuka sai na kira fakej ɗin xcolor, wato ƙarin da ake ɗora wa LaTeX don launi, da zaɓin dvipsnames kamar yadda ake yi a rubutun tesis, sai ga shi yana ce min Option clash for package xcolor. Ƙawata ta ajinmu, wadda muka sha zaman laburare tare, ita ta warware min wannan ta waya cikin dare tana fama da nata aikin. Tace Beamer da kansa yake ɗauko xcolor tun kafin ki kira shi, don haka in kika sake kira da wani zaɓi daban sai su yi karo, ki goge wannan layin, ki je can layin farko wajen \documentclass ki rubuta xcolor=dvipsnames a cikin zaɓinsa. Na yi, ya wuce. Ƙawata Allah ya kai mu ranar naki difens ɗin, in sha Allah ina layin gaba.

Wanda ya fi shan wahalata kam Yaya ne, babban ɗalibin sashenmu mai digiri na uku, wanda kowa ke kai wa kukan LaTeX. Launi ya fito amma lissafin ya lalace, alamar daidai ta manne da haruffan gefenta, alamar tarawa ta liƙe jikin beta ba ko ɗan fili, ita kuma babbar sigma ƙananan rubutun da ke zama ƙarƙashinta sun koma gefe. Wani zai ce ai ƙaramin abu ne, wallahi ba ƙarami bane, don idon mai lissafi ya saba da wannan ɗan filin, da shi yake gane inda gaɓa ta ƙare wata ta fara, in babu shi layin sai ya cakuɗe. Yaya bai karɓi laftof ɗin ya gyara ya miƙo min ba, cewa yayi in buɗe sabon fayil in sa layi ɗaya tak na lissafin ba komai a ciki sai shi, mu ga ko matsalar za ta biyo mu. Ta biyo mu kuwa. Sannan ya zauna yayi min bayani dalla-dalla, cewa TeX, injin da LaTeX ke aiki a kansa, yana ba kowace alama matsayinta, alamar daidai dangantaka ce, ta tarawa da ta ɗebewa masu haɗa abu biyu ne, sigma babban ma'aikaci ne, kuma da wannan matsayin yake auna filin da zai bari. Shi kuwa \textcolor, umarnin da nake sa launin da shi, yana naɗe abin da kika ba shi a cikin ƙunshi guda, sai TeX ya ɗauki ƙunshin kamar harafi ɗaya na yau da kullum, matsayin ya tafi. Haka in kika haɗa alamar tarawa da gaɓar da ke bayanta a ƙunshi ɗaya, alamar ta zama ita ce a farko ba komai a gabanta, sai ya ɗauka alamar lamba ce kawai ya manna ta. Magani shi ne ko a bar alamar a waje a rina gaɓar kaɗai, ko a maido mata da matsayinta da \mathrel in alamar daidai ce, \mathbin in ta tarawa ce, \mathop in sigma ce.

A nan ne ma ya faɗa min abin da ya sa na daina jin haushin na'urar. Yace lokacin da Donald Knuth ya fitar da TeX a 1978 buga littafin lissafi baƙi da fari ne a gabansa, launi baya cikin ginin, daga baya aka ɗora shi ta hanyar fakej, shi kuma Beamer sai a 2003 Till Tantau ya yi shi a Jamus, to dole wani lokacin sabon ɗori ya riƙa gogayya da tsohon gini. Kuma masu kula da LaTeX sun san da wannan damuwar, shi ya sa a fitowar watan Yuni 2022 suka kawo \mathcolor wanda yake rina alama ba tare da ya ɓata mata fili ba, har ƙananan rubutun sigma yana barinsu a mazauninsu. Muka gwada a laftof ɗina yace Undefined control sequence, ashe TeX Live ɗin da ke kai, wato kunshin manhajar LaTeX da aka sa wa laftof ɗin, ya girmi umarnin. Muka ɗora fayil ɗin a Overleaf, shafin intanet da ake rubuta LaTeX a kai, muka zaɓi sabon TeX Live a menu, nan take ya yi aiki. Yaya, ban da abin da zan biya ka da shi, Allah ya biya ka, ya sa ka gama naka cikin nasara, ya jiƙan mahaifa.

Ba a nan ta tsaya ba. Layukan nawa a cikin align suke, tsarin da ke raba kowane layi da alamar & don alamomin daidai su jeru a tsaye, to sai in sa \color a farkon layi, rabin layin ya rinu, da an tsallake alamar & sai ya koma baƙi. In kuma na naɗe layin duka da \textcolor sai ya tsaya cak yace Missing } inserted. Shi ma Yaya ne ya gano min, yace ki ɗauki kowane tsakanin & da & kamar ɗaki ne a gida, fentin da kika shafa a wannan ɗakin ba zai shiga na kusa da shi ba sai kin ɗauki bokitin kin shiga, kuma ba ki da ikon naɗe ɗaki biyu da bangon tsakaninsu a ƙunshi ɗaya. Haka \left da \right na manyan baka, dole su zauna a ƙunshi guda, in kika rina ɗaya kika bar ɗaya a waje ba zai yarda ba, don haka muka koma \bigl da \bigr inda nake son bakan kaɗai ya yi launi. Sai kuma \pause, ina so layukan su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya ina bayani, amma a cikin align baya bin tsari saboda amsmath, fakej ɗin da align ya fito daga cikinsa, sau biyu yake karanta abin da ke ciki, na farko don ya auna faɗi na biyu don ya jera. Muka cire shi muka sa \uncover da lambar matakin da kowane layi zai bayyana, shike nan ya daidaita.

Sai godiya ta musamman ga Baba mai kula da ɗakin semina. Mutane da yawa ba sa lura da aikinsa, shi ke buɗewa shi ke rufewa, shi ya san halin furojektan nan fiye da kowa. Na roƙe shi ya bar ni in gwada silaid ɗin kafin ranar, ya tsaya bayan an tashi aiki ya kunna min, wuta ta ɗauke ya je ya tada janareto saboda ni kaɗai. A laftof launukan sun yi kyau abinsu, ja da kore da ɗan rawaya, amma a kan allo da hasken taga rawayan ya ɓace ɗungurungum, koren ma sai ka matso. Baba yace 'yata, je ki kujerar ƙarshe ki zauna ki duba da kanki, abin da kika iya karantawa daga can shi za ki bari. Allah ya ƙara girma Baba, ya sa a gama lafiya.

A wannan zaman ne kuma wani ɗan ajinmu da ya raka ni ya faɗa min abin da ban taɓa sani game da shi ba duk zamanmu, cewa shi ja da kore kusan ɗaya yake ganinsu. Abin ya taɓa ni sosai, don larura ce da ta fi yawa a maza, kuma yawancin waɗanda za su zauna a teburin difens maza ne, wa ya sani ko akwai mai irinta a cikinsu ba zai faɗa ba. Shi ya nuna min jerin launukan da wasu masana biyu 'yan Japan, Okabe da Ito, suka tsara don masu wannan larurar su iya bambancewa. Na ɗauki biyu kacal, shuɗi mai lamba 0072B2 na ba F, da ja mai ruwan lemo D55E00 na ba V, na sa musu suna da \definecolor a saman fayil yadda in zan canza wuri ɗaya zan taɓa. Ni a ganina biyun nan sun isa, in launi ya kai huɗu biyar a layi ɗaya mai kallo sai ya koma tambayar kansa me kowanne ke nufi ya bar sauraron ki. Ɗan'uwa na gode da ka amince ka faɗa min, na san ba kowa kake faɗa wa ba.

Haka yaron shagon fotokwafi na bakin get, shi ya tuna min cewa takardun da zan raba wa malamai baƙi da fari za su fito, shuɗin da jan duk toka-toka za su zama. Da wannan na koma na sa \underbrace, wato kwantaccen baka, ƙarƙashin gaɓoɓin na rubuta F da V ƙarara, na kuma fitar da kwafi na daban da zaɓin handout don kar kowane mataki na \uncover ya ci shafi guda. Ƙanina Allah ya yi wa sana'a albarka.

Ranar difens da aka zo silaid ɗin R0, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya nuna allo yace wannan shuɗin na layi na biyu, me ya sa kika sa shi a sabon kamu ba ki sa shi a V ba? Na ji daɗin tambayar nan har raina, don ta nuna yana biye da ni gaɓa da gaɓa, kuma tambaya ce ta lissafi wadda na shirya mata, na amsa ya gyaɗa kai muka wuce.

Umma, ke kika riƙe min yara duk daren da na kai ina gaban kwamfuta, ba ki taɓa cewa kin gaji ba, Allah ya saka miki da Aljanna ya ba mu ikon yi miki biyayya. Abban yara, kuɗin data da kai ni da ɗauko ni da haƙurin abincin da ba a dafa da wuri ba, duk ina sane, Allah ya ƙara buɗi ya bar mu tare.

Ƙannenmu masu shirin semina da difens a zango mai zuwa, na cire lissafina daga fayil ɗin na bar saman yadda yake, da launukan biyu da misalin align ɗaya mai aiki, Yaya ya duba ya amince, zan sa a guruf ɗin sashe yau da daddare in sha Allah. Wanda nasa ya ƙi duk da haka ya turo min ɗan guntun da ke ba da matsalar tare da fayil ɗin log da LaTeX ke rubuta kurakurai a ciki, ba hoton sikirin da aka ɗauka da waya ba don ba a iya karanta shi, in na gane zan faɗa, in ya fi ƙarfina mu je wajen Yaya tare ranar da yake sashe.