Shafin da muka gina ba tare da an faɗi abin da ake nema da shi ba

Waɗanda suka san shagon da na yi wa aiki a Garwa, a arewacin Kamaru, sun san hajarmu: farantan sola, batura, injinan ban ruwa, da firiza masu aiki da hasken rana. Sun kuma ji abin da aka baza bayan na ajiye aiki, wai an zuba kuɗi a shafin intanet, yaron da aka danƙa wa amana, wato ni, ya kasa kawo ciniki. Na yi shiru a lokacin saboda girman Alhaji, mai shagon. Yanzu ina so in faɗi yadda abin ya kasance, domin matasan da ke irin aikina a Garwa da Marwa da Ngaundare, da yawansu suna kan hanyar faɗawa cikin irin wannan.

Ranar da aka kira ni ofis aka ce za a buɗe shafi, tambaya ɗaya na yi wa manaja, wanda shi ne babban ɗan Alhaji, bai kuma daɗe da dawowa daga Duwala ba. Na ce, "Yallaɓai, idan mutum ya shigo shafin nan, me muke so ya yi kafin ya fita?" Ya ce, "Malam, kai dai ka yi mana abin da duk wanda ya gani zai san mu ba ƙananan mutane ba ne." Washegari na kawo masa takarda mai layi huɗu. Na rubuta cewa mu sa gaba a kan injin ban ruwa, tunda rani na tafe kuma masu albasa za su fara dashe. Mu yanke adadin odar da muke so a kowane wata. Kada a ƙirga kowa sai wanda ya biya. Kuma a ware mutum ɗaya da zai riƙa amsa saƙo. Ya karanta a tsaye, ya mayar mini, ya ce wannan lissafin 'yan makaranta ne, kasuwa ba ta tafiya da takarda.

Sai aka gina abin da yake so. Da ka buɗe shafin, bidiyon ginin shagon ne zai fara tashi da kansa. Ƙasa da shi hoton Alhaji cikin babbar riga, sai dogon tarihin kamfani da Faransanci mai nauyi. Kaya suna can ciki, sai ka danna sau uku kafin ka gan su, kuma babu farashi ko ɗaya, wai kada abokan hamayya na babbar kasuwa su gani. Alhali duk mai shago a layin ya san farashin maƙwabcinsa, yaro kawai zai aika ya tambayo. Wanda aka ɓoye wa farashin shi ne mai saye.

Kuma wane ne mai sayen namu? Manomi ne a gefen Lagdo ko Pitowa ko Gidar, ko mai sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara da ke neman firiza kafin zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Garwa. Wayarsa Tecno ce ko Itel, datarsa ta sefa ɗari biyu ce ko ɗari biyar, ya saye ta ne don WhatsApp. Bidiyon da ke tashi da kansa yana cinye masa ita kafin ya ga ko da injin guda. Da yawansu ma ba sa rubutu, saƙon murya suke turowa da Fulatanci ko Hausa. Mutumin nan abu uku yake son sani: nawa ne, zai ja ruwa daga rijiya mai zurfin mita nawa, kuma idan ya lalace wa zai gyara. Babu amsar ko ɗaya a shafin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka riƙa sauya mudun awo. Da farko manaja adadin masu shigowa yake kallo. Ya sa kuɗi a tallan Facebook ba tare da ya zaɓi yanki ba, duk da na nuna masa wurin da ake zaɓar gari da nisan kilomita. Mutane suka yi ta kwararowa daga Abijan da Dakar da Kinshasa, waɗanda har abada ba za su sayi batir a Garwa ba. Ya riƙa ɗaukar hoton alƙaluman yana tura wa abokansa, a lokacin ni ne gwani. Da Alhaji ya fara tambayar ina cinikin, sai magana ta koma, "A tambayi Malam, shi ne mai shafin." Da an sa hannu a takardar nan tun farko, da kowa ya san abin da aka yi alkawari da wanda ya ɗauki nauyin kowane ɓangare. Da yake babu ita, duk ranar da aka tashi sai a zaɓi awon da ya dace da mai iko.

Lambar da aka sa a shafin ma ta wayar manajan ce, don ya ce shi ne fuskar kamfani. Wata rana wani dattijo ya zo daga wajen Lagdo, ya miƙo mini wayarsa, gilashinta a fashe, ya nuna mini saƙon murya uku da ya tura yana tambayar injin da zai shayar da kadada ɗaya. An saurara, alamar ta koma shuɗiya, ba a amsa ba. Ya ce, "Ɗana, na ɗauka kun rufe ne." Ya riga ya sayi injin fetur a wani wuri, batir ɗin fitila kawai ya zo nema. Na raka shi har bakin titi ina ba shi haƙuri, kunya ta hana ni kallon idonsa.

Bayan wannan na roƙi a bar ni in gwada shafi ɗaya tak, na injin ban ruwa. Hoto uku marasa nauyi, farashi a fili, zurfin da kowane inji ke ja, tsawon garanti, sai maɓalli kore guda ɗaya. Idan ka danna shi, WhatsApp ɗin wayar shago zai buɗe da saƙon da aka riga aka rubuta, mai ɗauke da sunan injin, don in gane cewa ta shafin mutum ya biyo. Na taƙaita talla ga arewacin Kamaru da kudu maso yammacin Chadi. Na sayi littafi na sefa ɗari biyar ina rubuta kowa: ranar da ya yi magana, garinsu, abin da ya tambaya, ko ya biya. Ciniki ya fara shigowa, har daga Lere da Pala, domin sefarmu ɗaya ce da ta Chadi, babu wahalar canji, kaya kuma ta Figil suke bi. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar a waɗannan watanni ba, kuma har gobe ina alfahari da wannan ɗan shafin.

Amma kuɗin ko dai a hannu ake kawo shi, ko a tura ta Orange Money ko MoMo zuwa lambar mai karɓar kuɗi. Duka aka shigar da su a matsayin cinikin kanta. A taron ƙarshen shekara manaja ya ce shafi bai sayar da ko ƙusa ba, tunda ba wanda ya biya a cikinsa. Na ɗauko littafin na ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, ga sunaye ga garuruwa, a kira ko mutum biyar a tambaye su inda suka gan mu." Manaja ya ce kowa zai iya cika littafi da biro. Alhaji ya dubi ɗansa, ya dube ni, ya ce a bar maganar. Ba a buɗe littafin ba.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. Sunan shafi da kalmar sirri su kasance da sunan mai shago, a kuma miƙa su a gaban shaida. Sa shago a taswirar Google kyauta ne, kuma yana kawo mutanen gari fiye da talla mai tsada. Saƙon da ya kwana ba a amsa ba, a ɗauka an rasa shi. Kada a karɓi aikin da za a auna ka da ciniki alhali farashi da waya suna hannun wani.

Yanzu ina aiki da wata Hajiya a Marwa mai sayar da jakunkuna da takalman fata, masu sayenta yawanci a Yawunde da Duwala suke, kaya na tafiya ta motocin safa. Kafin in taɓa kwamfuta mun zauna mun rubuta abin da take so: odar sari daga masu shaguna, adadi kaza a wata, kuma duk wanda ya fara magana ta maɓallin shafin ya biya daga baya, ko ta wace hanya, na shafin ne. Ta sa hannu, na sa, ƙanwarta ce ke riƙe da wayar. Duk ranar Asabar muna duba littafin tare, wani makon mu kai, wani makon mu gaza, kuma idan mun gaza muna ganin ko farashi ne, ko jinkirin amsa, ko kuɗin mota.

Alhaji kuwa har yanzu ina zuwa gaishe shi da Sallah, domin ya riƙe ni da mutunci shekaru kafin ɗansa ya karɓi ragama. Manajan bai taɓa kirana ba, kuma kuɗin tallan da na biya daga aljihuna a watan ƙarshe har yau ba a mayar mini ba.