Ƙaramar ƙumbar teku a tankin gilashi: fitila kafin kwalbar abinci

Tambayar da masu sabon tankin ruwan gishiri suka fi yi mini a kan ƙumbar teku da ake kira Tridacna ita ce, "Yaya, me zan ba ta ta ci?" Ni kuma kafin in amsa sai na tambayi mutum wace fitila ya ɗora, kuma awa nawa take ci a rana ba tare da yankewa ba. A Kano wannan tambayar ta biyu ita ce ke raba wanda ƙumbarsa za ta rayu da wanda zai kwashe ɓawo kawai.

Dalili yana jikin halittar. Wannan naman mai shuɗi da kore da take shimfiɗawa a bakin ɓawonta cike yake da wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, zooxanthellae, irin waɗanda ke cikin murjani. Su ne ke karɓar haske su sarrafa sukari su ba ta, ita kuma ta ba su masauki da abin da jikinta ke fitarwa. Ba a haifar ta da su. Tun tana 'yar tsutsa a ruwa take haɗiye su, su zauna cikin wasu siraran hanyoyi da suka taso daga cikinta har zuwa naman. Kamar mai gona ne a tsakar gida: in rana ta fito akwai tuwo, in babu sai a ci na rumbu, rumbun ƙaramar ƙumba kuwa bai taka kara ya karya ba.

Tridacna nau'i-nau'i ce. Tawa nau'in maxima ce, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, tana zaune a kan wani faffaɗan dutse a saman tankin da ke falona a Tarauni. Irinta ce ta fi yaɗuwa a duniya, daga Bahar Maliya har tsibiran Fasifik, kuma a ruwa marar zurfi take zama inda rana ke dukan ta. Ita da crocea, wadda ke huda dutse ta shige ciki kuma ba ta wuce santimita 15, su suka fi kowa son haske. Masu auna ƙarfin fitila da ma'aunin PAR, wato yawan hasken da tsiro ke iya amfani da shi, kan nemar musu 250 zuwa 400. Derasa da squamosa suna haƙuri da ƙasa da haka. Nakan bar fitilar LED ta yi awa 10, tana tashi a hankali da safe, tana sauka a hankali bayan la'asar. Sabuwar ƙumba kuwa ba a kai ta sama rana ɗaya. A ƙasa ake ajiye ta, a riƙa ɗaga ta kaɗan-kaɗan, don hasken da ya zo mata bagatatan ƙona ta yake yi.

Wutar gari ba abin dogaro ba ce ga wannan aikin. Fitilar da famfon da ke juya ruwa suna kan sola da batir, layinsu daban da na firiji da talabijin. Akwai sauƙi ɗaya da Allah Ya yi mana: lokacin da ƙumba ke buƙatar haske shi ne lokacin da rana ke kan faifan sola, don haka na daidaita awoyin fitilar da na rana, batir ya huta wa famfo da dare. In hunturu ya shigo, ƙura na kwanciya a kan faifan da kuma gilashin fitilar, ga gishiri da ke bushewa a jikinsa. Duk Juma'a nake sa tsumma mai danshi in goge, kuma bambancin hasken a ido ma ana gani.

Sai batun abinci, inda ake yawan gardama. Binciken da aka yi a Ostareliya kan gigas, babbar cikinsu da ke wuce mita ɗaya da kilo 200, ya nuna ƙanana sun fi manya dogaro da abin da suke tacewa daga ruwa. Shi ya sa masu kiwo da yawa ke cewa wadda ba ta kai santimita 7 ba a taimaka mata da filankton na tsiro, wato ƙananan ƙwayoyin tsiro da ke yawo a ruwa, irin su Isochrysis da Tetraselmis da Nannochloropsis. Na yarda da wannan, amma a matsayin ƙari. Nakan kashe na'urar da ke tsame dattin ruwa da kumfa na ɗan lokaci, in zuba kaɗan a inda ruwa zai kai mata da kansa. Ba na fesa mata a baki, don in abu ya yi mata yawa rufewa take yi ta furzar. Ba na kuma son dabarar nan ta ciro ta a saka a kwano a ciyar. Ƙumba na kama dutse da wasu zaruruwa da ke fitowa daga ƙasanta, kuma fizgar su na iya yaga gaɓar da ke yin su, raunin da sau da yawa ba ta tashi daga gare shi.

Kwalbar filankton kanta sai da firiji, a kuma girgiza ta kullum. Wadda ta sha zafin hanya daga Legas, ko ta kwana biyu a firijin da ba wuta, in ka buɗe ka ji wari, zubar da ita. Ruɓaɓɓen abu ne za ka zuba wa ruwanka. Tanki mai kifaye da ake ciyarwa yadda ya kamata ma yana samar da wani abin, tunda ƙumba na tsotsar amoniya da naitret, sinadaran da ke fitowa daga kashin kifi, kai tsaye. Ruwan da aka tace ƙal har naitret da fosfet suka koma sifili yunwa ce a gare ta.

Zafin Afrilu ya fi komai ba ni tsoro. Waje yana haura digiri 40, ruwan kuwa ana son sa tsakanin 25 da 28. In ya daɗe sama da 30, gansakukar nan ficewa take yi, naman ya koɗe ya yi fari. Fanka a saman ruwa na rage zafi, sai dai ruwa na ƙafewa da sauri, gishirin ya yi yawa. Abin da ya ƙafe da tsurar ruwan RO, wato wanda na'ura ta tace ta cire masa gishiri da ma'adinai, ake cike shi, ban da na gishiri, ban da na burtsatse. Gishiri ya tsaya a 1.025 ko 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, kalsiyom 400 zuwa 450 ppm, alkaliniti (wato yawan sinadarin kabonet a ruwa) wajen 8 dKH, don da waɗannan biyun take gina ɓawo.

Lafiyarta a fili take. Ka gitta hannu tsakaninta da fitila, mai lafiya za ta ja namanta nan take, sannan ta sake buɗewa. Ka leƙa gefen ɓawon ƙarƙashin naman, in ka ga sabon layi fari tas, girma take yi. In bakin shigar ruwa ya wangale har kana hango cikinta, akwai matsala. Da dare kuma ina haska tocila a gindinta don neman wasu 'yan dodon koɗi farare masu ɗan tsini da ke shan jininta, in tsince su da hantsaki.

Duk nau'o'in nan suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke sa ido kan cinikin halittun da ake gudun ƙarewarsu, don haka ka tambayi mai sayarwa ko ta gona ce, irin waɗanda ake kiwatawa a Palau da Tsibiran Marshall. Wanda solarsa ba ta da ƙarfi ya fara da derasa wadda ta kai santimita 8 ko fiye, ya ajiye ta a kan yashi, amma ya tanadar mata fili tun yanzu, domin tana iya kaiwa santimita 60.