Littafin da aka saya a waya, na mai saye ne ko na kamfani?

Na daɗe ina bibiyar yadda littattafan labaran zane suke barin takarda suna komawa cikin waya da kwamfuta, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan sauyi shi ne maganar mallaka. Idan mutum ya cire kuɗinsa ya sayi littafi a manhaja, shin littafin ya zama nasa kamar yadda na takarda yake zama nasa da zarar ya fito da shi daga kanti?

Kamfanin Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet a 1995, sannan ya fito da na'urar karatu ta Kindle a 2007, shekarar da aka kafa ComiXology, wanda ya zama babbar kasuwar labaran zane ta intanet a Amurka. Da iPad ta fito a 2010, mai faɗin fuska da launi, sai shafin zane ya samu inda zai zauna ba tare da an matse shi ba. Shekara guda bayan haka, Borders, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kantunan littattafai na Amurka, ya rufe ƙofofinsa gaba ɗaya. Amazon ya saye ComiXology a 2014, kuma a ƙarshen 2023 ya rufe manhajar, ya kwashe littattafan masu saye zuwa Kindle, ko suna so ko ba sa so.

A nan ne damuwata take. Abin da ake sayar wa mai karatu a yawancin waɗannan kasuwanni izinin karantawa ne kawai, kuma akan sa wa littafin kulle don kada ya buɗu sai a manhajar kamfanin da ya sayar da shi. A 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane ya goge littafin 1984 na George Orwell da suka riga suka biya, saboda wanda ya sa shi a kasuwar ba shi da haƙƙin sayar da shi; an mayar musu da kuɗinsu, amma kowa ya ga cewa hannun kamfani yana kaiwa har cikin ma'ajiyar mai karatu. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa na littattafan intanet, littattafan da mutane suka tara suka daina buɗuwa, aka biya su kuɗinsu. Irin wannan littafi ba a ba da aronsa yadda aka ga dama, ba a sayar da shi idan an gama, kuma da wuya a bar wa 'ya'ya shi gado. Mai saye ya zama ɗan haya a gidan da ya ɗauka ya biya kuɗinsa. Ga labaran zane kuwa asarar ta fi girma, domin tsofaffin fitowa da suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu su ne suka raya wannan fanni shekaru da dama, su ne kuma suka adana ayyukan da masu wallafa su suka daina bugawa.

Duk da haka, zalunci ne a musanta alherin da sauyin ya kawo. A Japan, mujallar Shonen Jump ta manga, wato labaran zane irin na Japan, ta taɓa buga kwafi sama da miliyan 6 a kowane mako a tsakiyar shekarun 1990, yau kuwa ba ta ko kusa da haka, amma masu karatu ba su gudu ba, waya suka koma, har a 2017 cinikin manga na intanet ya zarce na littattafan manga na takarda. Tun 2019 manhajar Manga Plus take ba wa mai karatu a ƙasashe da yawa sabon babi kyauta a ranar da ya fito a Japan. A Koriya ta Kudu, inda kamfanin intanet na Naver ya buɗe dandalinsa na labaran zane mai suna Webtoon a 2004, salon zanen kansa ne ya canza: babu shafi, sai dogon zane da ake jan sa da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Mai zanen takarda yakan ɓoye abin mamaki a bayan shafi don ya bayyana idan an juya, shi kuwa mai zanen waya da tazarar fili tsakanin hoto da hoto yake riƙe numfashin mai karatu. Fasaha ce ta gaske, kuma ta ba wa matasan da babu mawallafin da zai saurare su damar samun masu karatu.

Kantunan labaran zane na Amurka su ne suka fi shan wuya, domin galibi abin da suka yi oda ba a karɓar sa idan ya yi kwantai. Kamfanin Diamond, wanda ya shafe shekaru kusan shi kaɗai yake rarraba musu kaya, ya rasa manyan mawallafan labaran zane biyu: DC ya bar shi a 2020, Marvel ya koma wa kamfanin littattafai na Penguin Random House a 2021, kuma a Janairun 2025 Diamond ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Faransa kuwa tun 1981 take da dokar da ta sa farashin sabon littafi ya zama ɗaya a ko'ina, kuma a 2011 ta faɗaɗa ta zuwa littattafan intanet, abin da ya taimaka wa ƙananan kantuna suka tsaya da ƙafafunsu. Ina ganin darajar mai kanti da ya san abin da kake karantawa, ya miƙo maka aikin da ba ka taɓa jin sunansa ba, alhali manhaja takan dawo maka da irin abin da ka riga ka karanta.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne, kuma an riga an gwada shi. Kamfanin wallafa littattafai na Tor ya cire kulle daga littattafansa a 2012, Image Comics ma ya fara sayar da labaran zane marasa kulle a 2013, yadda mai saye zai sauke kwafinsa ya adana inda yake so. A 2024 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa masu sayar da kayan intanet su bayyana wa mai saye cewa izini ne yake biya. Ina fata sauran mawallafa su bi sawun waɗancan biyun, sauran hukumomi kuma su yi irin wannan doka.