Daren da Muka Kai Kawu Cin Abincin Meziko

Ƙanwata ce ta dage cewa ba za ta taɓa albashinta na farko ba sai ta fita da mu cin abinci, kuma wurin da ta zaɓa wani ƙaramin gidan abinci ne a wajejen Barnawa wanda ya ƙara girkin ƙasar Meziko a kan abin da ya saba sayarwa. A makon ne Kawu ya zo daga Saminaka ganin likitan ido ya sauka a gidana da ke Unguwar Rimi, saboda haka babu yadda za a yi mu fita mu bar shi. Kawu manomin masara ne tun kafin a haife ni, kuma a iya sanina, in ban da tsire da balangu, bai taɓa yarda ya biya kuɗi a kan abincin da ba a gida aka dafa ba. Sai da uwargida ta sa baki tukuna ya ɗauki hularsa, muka fita bayan sallar magariba muka tsallaka kogin Kaduna.

Wurin ba shi da wani ƙawa mai tsorata baƙo. Teburan katako ne guda bakwai ko takwas, bangon an shafa masa fenti ruwan ɗorawa, an kuma rataye wata babbar hula mai faɗin baki a saman ƙofar kicin, wadda Kawu ya dube ta ya ce ashe su ma suna da malafa. Kafin yaron da ke kawo abinci ya gama miƙa mana takardar jerin abincin, Kawu ya riga ya jefa masa tambayar da ke ransa tun a mota: “Yaro, naman nan wa ya yanka shi?” Yaron ya rusuna ya ce, “Baba, daga kwata muke sayowa kullum da safe, na shanu ne da na kaza.”

Tambayar tana kan hanya, domin a can Meziko naman alade yana cikin naman da aka fi ci, kuma da kitsensa ake soya waken da suke damawa ya yi kauri, har ma a kan sa shi cikin ƙullin wasu abubuwan da mutum zai zata babu nama a cikinsu. Akwai wani shahararren gashi da suke kira al fasto, wanda asalinsa shawarma ce da Kwarori 'yan Labanan suka kai birnin Fuwebla a ƙarni na 20. Da rago suka fara, amma da tafiya ta yi tafiya sai mutanen ƙasar suka mayar da shi na alade. Duk Musulmin da ya shiga irin wannan wuri a ƙasar waje bai kamata ya tsaya a kan nama kaɗai ba, sai ya tambayi man da aka soya waken da shi. A nan kam da man gyaɗa aka soya.

Abin sha aka fara kawowa. Ƙanwata ta zaɓa mana wani mai suna agwa de hamaika, tana karanta sunan da ƙyar, kuma da aka ajiye kofunan sai ga wani ja wur da ƙanƙara a ciki. Kawu ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin, ya ce, “Ke, wannan ai zoɓo ne, an dai hana shi citta da kanumfari.” Bai yi kuskure ba ko kaɗan. Zoɓon da muka sani shi ne 'yan Meziko suke kira hamaika, suna jiƙa shi su sa sukari su sha da abinci, kuma saboda abin da suke nomawa ba ya isarsu, Meziko tana cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon Nijeriya, wanda ake tarawa daga Jigawa da Kano da maƙwabtansu a yi lodinsa zuwa tashar jiragen ruwa. Na ce wa Kawu ba mamaki a wannan daren akwai wani a can yana shan zoɓon Maigatari da sunan hamaika, mu kuma ga mu a Kaduna muna biyan kuɗi ninki uku domin an canza masa suna. Uwargida ta ɗauki wani fari mai suna orchata, na shinkafa da kirfa, wanda shi ma yana da dangantaka da mu ta wata hanyar, tunda a Sifaniya, inda 'yan Meziko suka samo sunan, da aya ake yin sa kamar kunun ayarmu.

Daga nan aka kawo soyayyun ɓangarorin siririn fanke masu kusurwa uku da ƙananan kwanuka biyu. Ɗaya salsa ce, wato ɗanyen tumatir da albasa da barkono da aka yayyanka ƙanana aka matse musu lemon tsami, ɗayan kuma gwakamoli, wanda fiya ce aka dame da gishiri da albasa da lemon tsami har ta yi laushi kamar man shanu. Ban taɓa tunanin fiya za ta yi daɗi da barkono ba, domin mu da burodi muka san ta, amma tsamin lemon ya tashe ta sosai, kuma kwanon ne ya fara ƙarewa. Yajin kuwa an rage masa ƙarfi fiye da kima, wai don kada baƙi su koka, abin da ya ba ni dariya a garin da ake cin attaruhu tun da safe. Barkono da tattasai da attaruhu duk daga nahiyar Amurka suka zo mana, kuma sunan tumatir kansa ya samo asali ne daga harshen Nahuwatal na mutanen Aztek, tsoffin mazauna Meziko, ya bi ta bakin wasu al'ummu kafin ya iso namu.

Abin da ya kai mu shi ne tako, kuma a kansa ne nake da magana. Tako wani siririn fanke ne mara mai, wanda suke kira tortiya, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, a zuba masa gasasshen nama da aka yanka ƙanana, da albasa da ganye mai ƙamshi, a matsa lemon tsami, a naɗe shi biyu a ci da hannu. Guda uku-uku aka kawo wa kowa. Naman ya gasu yadda ya kamata, gefensa ya ɗan ƙone, romonsa yana tsiyaya ta bayan hannu idan mutum bai karkatar da kai ba. Kawu ya zazzage naman a faranti, ya ɗaga tortiyar sama daidai fitila, ya shinshina, ya gutsura, sannan ya dube ni ya ce, “Kai da ka ce mini abincin masara ne? Wannan ai fulawa ce, irin ta shawarmar yaran nan.”

Ni malamin kimiyyar noma ne a wata sakandare, kuma tun a hanya nake cika masa baki cewa za mu ci abincin mutanen da suka fara noman masara a duniya. Maganar gaskiya ce, domin a kwarin kogin Balsas da ke kudancin Meziko aka mayar da wata ciyawar daji mai suna teyosinte ta zama masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma da hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin abubuwan gado na duniya a 2010, masara da wake da barkono ne ginshiƙansa. Ba za a ce tortiyar alkama jabu ce ba, domin a arewacin ƙasar, musamman jihar Sonora, ita aka fi ci, bayan da Sifaniyawa suka kawo alkama da suka ci daular Aztek a 1521. Sai dai takon da talaka yake saya a bakin titi a tsakiya da kudancin ƙasar na masara ne, kuma shi na yi wa Kawu alkawari.

Da kukun ya ji ana maganar, ya fito yana goge hannu, ya gaishe da Kawu, ya ce ya gwada da garin masarar kasuwa ba sau ɗaya ba, amma ƙullin ba ya kama jikinsa, yana ɗora shi a tanda sai ya farfashe. Dalilin a fili yake. Mu surfe muke yi, mu cire dusa, mu wanke, mu shanya, mu kai inji, sai mu sami garin da ya dace da tuwo amma ba ya miƙewa. Su kuwa dafa ƙwayar masarar suke yi a ruwan da aka sa wa farar ƙasa irin wadda ake samu daga ƙonannen dutse, ko kuma toka, su bar ta ta kwana a ciki, da safe su murje ɓawon su wanke, sannan su markaɗa ta da danshinta. Wannan aikin da suke kira nistamal shi ne yake sa ƙullin ya yi danƙo har a iya fyaɗa shi siriri, kuma shi ne yake buɗe sinadarin bitamin B3 da ke ɗaure cikin masara yadda jiki zai amfana da shi. Turawan da suka ɗauki masarar suka bar dabarar sun ɗanɗana kuɗarsu, domin cutar felagra, mai lalata fata da kawo gudawa da rikicewar hankali, ta addabi talakawan arewacin Italiya da na jihohin kudancin ƙasar Amurka da suka dogara da masara zalla.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a jihar da manyan motoci suke fita da masara daga Saminaka da Giwa da Soba, mai gidan abinci ya gwammace ya sayi fulawar alkamar da aka shigo da ita daga ƙasar waje domin ya yi abincin da asalinsa na masara ne. Ban ga laifin kukun sosai ba, tunda babu wanda ya nuna masa, kuma masu cin ba su taɓa kokawa ba. Amma ruwan toka ba baƙonmu ba ne, iyayenmu mata sun daɗe suna tace shi suna zubawa a miya, kuma mai injin markaɗe yana kowace unguwa.

Kawu, wanda tun shigarmu yake neman abin kushewa, shi ne ya fi kowa kasa kunne a nan. Ya tambayi wace masara ta fi dacewa, fara ko ja, na ce duka biyun suna yi, har ma suna da mai launin shuɗi. Ya tambayi ko ana surfa ta kafin a dafa, na ce a'a, da ɓawonta ake sa ta. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce wa kukun, “Idan na koma zan aiko maka da tiya biyu ta hannun ɗan nan, ka gwada, kada ka biya ko kwabo.” Da aka kawo lissafin kuɗi ƙanwata ta yi sauri ta kife takardar, amma idon da aka ce yana ciwo ya riga ya gani, kuma har muka isa gida yana faɗin mudu nawa na masara kuɗin farantinsa kaɗai zai saya.

Masarar ta iso bayan mako biyu, tiya uku maimakon biyu, sai uwargida ta riƙe ɗaya ta ce ita ma za ta gwada. Ta tace tokar murhun maƙwabciyarmu, ta dafa mudu guda a ciki, muka bar shi ya kwana. Da safe ƙwayoyin sun kumbura sun yi ɗorawa-ɗorawa, ɓawon yana saɓulewa da zarar an murza tsakanin yatsu, kuma kicin ɗin ya ɗauki wani ƙamshi da ban taɓa jin masara ta yi ba. Mai markaɗe ya cika mata ruwa kamar yadda ya saba yi wa ƙullin ƙosai, don haka sai da ta juye shi a tsumma ya tsane har la'asar. Ta mulmula ƙullin, ta sa tsakanin leda biyu, ta danne da gindin tukunya, ta gasa a kasko ba mai. Huɗun farko sun yage, na biyar ya fita lafiya har ya ɗan kumbura a tsakiya, shi ne muka raba biyu muka ci da sauran balangun jiya da yankakkiyar albasa.