Daren da muka nuna fim ɗin Mustafa Alasan a unguwarmu

Mu shida ne a fadarmu, wato majalisar hirarmu, a nan Tawa, kuma maganar ta taso ne a bakin shayi. Wani ƙanenmu da ya zo hutu daga jami'ar Yamai ya tambaye mu ko akwai wanda ya taɓa kallon fim ko guda ɗaya na Mustafa Alasan. Muka yi tsit. Sunan dai kowa ya san shi. Mun san otel ɗinsa, wasunmu ma sun sha ganinsa da idonsu kafin ya rasu a Wagadugu a shekarar 2015. Amma aikin da ya sa ake kiran sunansa a ƙasashen duniya, babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Finafinan Kano kuwa har maganganun ciki mun haddace. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, a ce mutum ya zauna shekaru a garinmu yana zana kwaɗi yana sa su motsi a majigi, mu maƙwabtansa ba mu sani ba.

Nan muka yanke shawarar mu nemo finafinansa mu nuna a fili, kyauta, kowa ya zo. Neman kwafi da izini shi ya fi cin lokaci, kusan wata biyu ana kai da komo ta waya, domin mun ƙi mu sauko da abu daga intanet mu haska wa jama'a kamar ba shi da mai shi. Na'urar haskawa aro muka yi wajen wani mushe, wato malamin makaranta, lasifika da makirfo kuma na masu kiɗan biki ne.

Daren farko bai yi kyau ba. Mun ɗaura farin zanen gado tsakanin itace biyu a wani fili, muka fara da an sallame magariba. Lokacin hunturu ne, iska ta riƙa kumbura zanen tana lanƙwasa fuskokin mutanen cikin fim. Injin wuta mun ajiye shi dab da masu kallo saboda wayarmu gajeriya ce, ƙararsa ta danne komai. Ba a yi nisa ba aka kira isha'i, maza suka tashi, mu kuma muka rasa ko mu tsayar ko mu ci gaba. Mata kuwa can nesa suka tsaya a bakin zaure, ba wadda ta matso. Yara ne kaɗai suka kai ƙarshe, su ma rabinsu suna bayan zane suna wasa da inuwar hannuwansu.

Washegari wani dattijo maƙwabcinmu ya kira ni. Ya ce, “Ɗana, wa kuka gaya wa?” Na ce mun sa a WhatsApp. Ya ce, “Ni ina da shi? Uwarka tana da shi?” Ban sami abin cewa ba. Shi ya kama hannuna muka je wajen mai unguwa, daga nan muka wuce wajen liman.

Zaman da muka yi da liman shi ne ya gyara tafiyar gaba ɗaya, kuma har yau idan wani ya ce mini zai yi irin wannan aiki, nan nake fara tura shi. Malam bai hana ba. Tambayoyi ya yi: me ke cikin fim ɗin, wa zai raba wurin zaman maza da na mata, ƙarfe nawa za a tashi. Na ce, “Allah gafarta malam, ko za ka duba da kanka?” Muka buɗe masa a kwamfuta a zaurensa, ya kalla daga farko har ƙarshe. Da ya gama ya ce a fara bayan isha'i, a tashi kafin sha ɗaya, kuma shi zai faɗa wa mutane a masallaci. Mai unguwa ya sa mai shela ya zaga. Mu kuma muka kai takarda ma'aikatar magajin gari, muka sanar da 'yan sanda, don kada taron dare ya zama abin tambaya.

Sauran gyaran na hannu ne. Muka bar zanen gado, muka koma jikin bangon wani gida mai siminti, muka shafe shi da farar ƙasa da izinin mai gidan. Bango ba ruwansa da iska. Muka sayi doguwar waya, aka kai injin bayan wani kango, aka cika shi da mai tun da rana. Tabarmi a gaba na yara, benci a dama na dattawa, hagu kuma aka bar wa mata, da hanyar shigarsu daban ta lungun da suka saba bi. 'Yan mata biyu daga cikin ƙannenmu ne suka bi gida-gida suna gayyata, kuma na tabbata da ba su ba, da an sake yin irin ta daren farko.

Mun buɗe da gajeren fim ɗin kwaɗi, wanda shugabansu ke tafiya ziyara wata ƙasa. 'Yan mintoci ne, amma sun isa yara su zauna, masu zuwa a makare su sami wuri. Sannan muka sa babban, Le Retour d'un aventurier, na shekarar 1966, wato dawowar mai yawon duniya. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da bindigogi da takalma, ya raba wa abokansa. Kowa ya sake suna, suka hau dawaki, suka addabi garinsu.

Kwafin da muka samu da Faransanci yake, saboda haka muka ba wani abokinmu makirfo ya riƙa fassarawa. A daren farko ya yi ƙoƙarin bin kowace jimla, mutane suka gaji da muryarsa. Wannan karon mun zauna da shi ya kalli fim ɗin sau uku, muka yi alama a wuraren da dole a yi bayani, sauran ya yi shiru hoto ya yi aikinsa. Kuma ya ajiye Hausar rediyo, ya yi magana da harshen Adar, wato Hausar yankinmu na Tawa, yadda ake yi a kasuwa. Da saurayin ya buɗe akwatinsa, sai ya ce, “To, ga ɗan Abijan ya kwance kaya.” Wurin ya ɗauka gaba ɗaya. Ban taɓa jin dariyar mata da ta dattawa sun haɗu haka a waje ɗaya ba.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san Adar. Da wuya ka shiga gidan da ba shi da mutum a waje, ko Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Najeriya. Da an gama girbi samari sun fara ɗaure kaya. Kowa ya san yadda mai dawowa ke shigowa da sabuwar tafiya da sabuwar magana, wani ya dawo da arziki ya gina gida, wani ya dawo da halin da ba da shi ya tafi ba. Fim ɗin ya girmi yawancin waɗanda ke zaune a wurin, amma ba wanda ya kalle shi a matsayin tsohon abu.

Da aka gama mun yi niyyar mu yi godiya mu naɗe waya. Sai wani tsoho ya miƙo hannu a ba shi makirfo. Ya ce shi ma a zamaninsa ya dawo daga Kumasi da tabarau da rediyo, ya yi wata guda ba ya durƙusa wa kowa, har ran da mahaifinsa ya aike shi gona da rediyon a rataye. Wani saurayi ya amsa masa cewa, “Baba, ku kun tafi don ganin duniya, mu yunwa ke korarmu.” Aka ɗan yi hayaniya, mai unguwa ya tsawatar. Daga ɓangaren mata wata ta yi magana ba tare da ta karɓi makirfo ba, ta ce ita ba kayan da ake dawowa da su ne damuwarta ba, shekara huɗu ke nan ba ta ga mai gidanta ba, ƙaramin ɗansu a waya kawai ya san muryarsa. Ba wanda ya ce uffan. Liman ne ya rufe da addu'a ga matafiya, kuma sha ɗaya ta wuce da kusan rabin awa, bai ce komai a kai ba.

Tun daga ranar nake ware wa hira lokacinta kamar yadda nake ware wa fim, shi ya sa ma na fi son gajerun finafinai a kan dogaye. Na kuma daina tsammanin sai fim mai wa'azin ci gaba ne ke tada magana mai amfani. Ƙungiyoyi sun sha zuwa da na rigakafi da na auren wuri, suna da amfaninsu, amma mutane sun san lokacin da aka zo koya musu darasi, sai su yi shiru su jira a gama. A wannan dare ba wanda ya gaya musu abin da za su ɗauka.

Mun kuma yi amfani da damar muka gaya wa yara cewa Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu, wanda ya fara ɗaukarta a 1972 ɗan Nijar ne, Umaru Ganda, wanda aka sa wa gidan raya al'adu na Yamai sunansa. Da yawansu sun zaci ɗan siyasa ne.

Kuɗi har yanzu daga aljihunmu suke fita, kowa ya kawo jikka ɗaya ko biyu na mai da hayar benci. An ba mu shawarar mu riƙa karɓar ko dala biyar a bakin hanya, muka ƙi, domin waɗanda za su fara fasa zuwa su ne matan da muka sha wahala kafin su matso. Masu tuyar ƙosai da mai shayi da ke samun ciniki a wurin su suka ce za su riƙa taimakawa da kuɗin mai, muka karɓa.

Bayan mako guda wata tsohuwa ta tare ni a hanyar kasuwa. Ta ce, “Kai ne mai majigi?” Na ce ni ne, Inna. Ta ce akwai waƙoƙin daka da na niƙa da ta gada wajen kakarta, jikokinta ba su iya ko ɗaya ba tunda injin niƙa ya shigo, tana so a ɗauke ta a haska a bangon nan tun tana da rai. Mun je gidanta sau biyu da wayar salula, ta tara ƙawayenta uku da turmi da taɓare. Minti bakwai muka fitar, kuma da shi za mu buɗe ran Asabar mai zuwa, kafin kwaɗin.