Motar da ta daɗe a ajiye

Na tayar da tsohuwar motarmu bayan ta shafe shekaru a ajiye, kuma aikin ya nuna mini cewa zama yana lalata mota fiye da tafiya. Ban yarda a murza makulli ba sai da aka zuƙe tsohon fetur daga tanki, domin idan fetur ya daɗe yakan yi kauri kamar ƙaro, ya toshe kafireto da hanyoyin mai. Daga nan aka sauya baƙin mai da matatarsa, aka cire filogi, aka ɗiga mai kaɗan a cikin kowace silinda, sannan bakanike ya juya injin da hannu don a tabbatar fistan bai maƙale da tsatsa ba. Batir kuwa ya mutu, sai sabo.

Abin da ya fi damuna shi ne birki, saboda man birki yana tsotsar danshi daga iska, ya sa tsatsa ta ci ƙarafan ciki ba tare da an gani ba. Tayoyin ma duk sun tsattsage ko da yake zanensu bai cinye ba, shi ya sa na sauya su gaba ɗaya kafin motar ta hau titi.